Na'urar da Ba Ta Jin Habaici

Ranar 10 ga Afrilun 2018, Mark Zuckerberg ya zauna a gaban 'yan Majalisar Dattawan Amurka yana amsa tambayoyi na kusan sa'o'i biyar. Badaƙalar Cambridge Analytica ce ta kai shi, amma ana cikin zaman sai Sanata Patrick Leahy ya karkata akalar zancen zuwa Myanmar, inda tun watan Agustan 2017 sojoji suka shiga fatattakar Musulmin Rohingya daga jihar Rakhine. Shugaban na Facebook ya amsa cewa kamfaninsa na ɗaukar ƙarin gomman ma'aikata masu jin harshen Bama, domin kalaman ƙiyayya abu ne da ke ɗaure da harshe. A wata amsar kuma ya ce yana kyautata zaton cewa cikin shekara biyar zuwa goma za a samu ƙirƙirarriyar basira da za ta iya shiga lungu da saƙo na harshe, ta gano irin waɗannan kalamai da kanta.

Wa'adin shekara biyar ya cika a 2023, na shekara goma kuma 2028 ne. Kafin a auna alƙawarin, akwai abin da ya kamata a riƙe. Kowane babban shafin sada zumunta yana tafiya ne da na'urori iri biyu. Ɗaya tana zaɓar abin da za a nuna wa mutane, ɗayar kuma tana neman abin da ya kamata a goge. Ta farkon ba ta buƙatar jin ko kalma guda: ƙirga take yi, mutum nawa suka tsaya, nawa suka yi sharhi, nawa suka tura wa wasu. Saboda haka tana aiki a kowane harshe tun ranar da aka kunna ta. Ta biyun kuwa sai an koya mata harshe, ɗaya bayan ɗaya, da kuɗi da guminsa mutane. Tarihin farautar miyagun kalamai a intanet tarihin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ne.

Daga jerin kalmomi zuwa zanen yatsa

A 1996 Amurka ta kafa wata doka da sashenta na 230 ya ce ba za a ɗauki mai shafin intanet a matsayin mawallafin abin da wasu suka rubuta a shafinsa ba, kuma yana da ikon goge abin da ya ga bai dace ba. Wannan sashe ne ya bar aikin tankaɗe da rairaya a hannun kamfanoni. Dabarar da suka fara da ita mai sauƙi ce: a rubuta jerin haramtattun kalmomi, duk inda kwamfuta ta ci karo da ɗaya ta toshe. A wannan shekarar ce kamfanin AOL ya hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu, saboda a tsakiyar sunan garin akwai haruffa huɗu da suka yi daidai da wata kalmar batsa ta Turanci. Har yau da sunan garin masana ke kiran irin wannan kuskure.

Mataki na biyu daga yaƙi da tarkacen saƙonnin imel ya fito. A 2002 masanin kwamfuta Paul Graham ya yayata wata hanya da ta karɓu: maimakon mutum ya zauna yana jera kalmomi, a ba na'ura tsibi biyu na saƙonni, wanda mutane suka ce shara ne da wanda suka ce na kirki ne, ita kuma ta lissafa waɗanne kalmomi suka fi yawa a kowane tsibi. Duk abin da aka gina daga baya a kan wannan tubali yake: na'ura tana koyo ne daga hukuncin da mutane suka riga suka yanke.

A 2009 kamfanin Microsoft da Farfesa Hany Farid na Kwalejin Dartmouth suka fito da PhotoDNA, manhajar da ke ɗaukar wa hoto wani lissafi mai kama da zanen yatsa, ta yadda ko an rage girmansa ko an ɗan sauya launinsa za a gane shi. Da ita aka shiga farautar hotunan cin zarafin yara. A Disambar 2016 Facebook da Microsoft da Twitter da YouTube suka amince su haɗa rumbu guda na irin wannan zanen yatsa domin hotuna da bidiyon 'yan ta'adda. Dabarar ta yi tasiri ƙwarai, amma aikinta shi ne gane kwafin abin da aka riga aka sani. Magana kuwa kullum sabuwa take fitowa, kuma ma'anarta na ga wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da ranar da aka faɗa.

Domin tunkarar magana, masu bincike na Jigsaw, wanda a lokacin reshe ne na uwar kamfanin Google, tare da Gidauniyar Wikimedia, suka tattara sharhi fiye da 100,000 daga shafukan muhawara na Wikipedia ta Turanci, suka sa mutum goma-goma su duba kowanne su faɗi ko cin mutunci ne. Da wannan suka horar da na'ura, suka sake ta a kan sharhi miliyan 63. A Fabrairun 2017 aka ƙaddamar da manhajar Perspective, mai ba kowace jimla maki gwargwadon dafinta. Ba a jima ba aka lura cewa idan mutum ya rubuta kawai cewa shi baƙar fata ne ko Musulmi ne, makin yakan haura, domin a cikin misalan da aka koyar da ita waɗannan kalmomi sun fi fitowa ne a bakin masu zagi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Washington suka nuna cewa irin waɗannan na'urori kan ɗauki saƙonnin da aka rubuta da karin Turancin baƙaƙen fatar Amurka a matsayin cin mutunci har kusan ninki biyu na sauran. Wannan duk a Turanci ke nan, harshen da ya fi kowane yawan rubutu a intanet.

Myanmar

Bayan shekaru masu yawa na mulkin soja, Myanmar ta buɗe kasuwar sadarwarta, kamfanonin Telenor da Ooredoo suka fara aiki a 2014. Layin waya da ake saye fiye da dala 200 ya faɗo zuwa kimanin dala 2. Masu shagunan waya kan saka wa mai saye Facebook tun kafin ya bar shagon, har ya zama ga miliyoyin mutane Facebook shi ne intanet ɗin. Zuwa 2018 masu amfani da shafin a ƙasar sun kai kimanin miliyan 18.

Alamar haɗari ta bayyana tun da wuri. A Yulin 2014 aka yaɗa labarin cewa wani Musulmi mai shagon shayi a birnin Mandalay ya yi wa wata ma'aikaciyarsa mabiyar addinin Buddha fyaɗe. Malamin Buddha mai tsattsauran ra'ayi, Wirathu, ya ɗora labarin a shafinsa. Rikici ya ɓarke, mutum biyu suka mutu, daga baya kotu ta tabbatar cewa labarin ƙage ne. Duk da haka, binciken da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa a Agustan 2018 ya gano cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal masu jin harshen Bama ne ke duba ƙorafe-ƙorafen ƙasar baki ɗaya a Facebook.

Na'urar tacewa kuwa matsalarta daga haruffa ta fara. A lokacin, fiye da kashi 90 cikin 100 na wayoyin Myanmar suna amfani da wani tsarin rubutu na gida mai suna Zawgyi, wanda bai dace da Unicode da duniya ke bi ba. Rubutun da mutum ke karantawa sarai a wayarsa, kwamfutar da aka tsara da ɗaya tsarin takan gan shi a hargitse. Da kamfanin ya koma ga tsohuwar dabarar jerin kalmomi a 2017, ya haramta kalmar "kalar" da ake muzanta Musulmi da ita, sai matsalar Scunthorpe ta dawo da sabuwar riga: sunan kujera da na wani nau'in wake a harshen Bama duk da wannan kalma suka fara, aka riƙa hukunta masu zancen miya da kayan ɗaki. Masu ƙiyayya kuma suka sauya harafi ɗaya ko biyu suka ci gaba da harkarsu. Reuters ta samo rubuce-rubuce da hotuna da bidiyo fiye da 1,000 na cin zarafin Rohingya da sauran Musulmi waɗanda har lokacin suna nan a shafin, wasu tun 2012. Akwai wani rubutu da ke kira a kashe duk wanda aka gani daga cikinsu, kada a bar ko ɗaya da rai. Manhajar fassara ta Facebook ta juya shi zuwa Turanci da cewa bai kamata a samu bakan gizo a Myanmar ba.

A duk wannan lokaci na'urar yaɗawa ba ta samu cikas ba, domin lissafi ba ruwansa da Zawgyi. Rubutun da ya tayar da hankali shi ke jawo sharhi, wanda ya jawo sharhi kuma shi take turawa gaba. Daga 25 ga Agustan 2017 mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Sojoji ne suka yi kisa da ƙone-ƙonen, amma a Maris ɗin 2018 Marzuki Darusman, shugaban tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce shafukan sada zumunta sun taka muhimmiyar rawa a abin da ya faru. Sai a Janairun 2018 aka rufe shafin Wirathu, na babban hafsan soja Min Aung Hlaing kuma sai ƙarshen Agusta. A Nuwamba kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya isa ba wajen hana a yi amfani da shafinsa a raba kan jama'a da tunzura su. Ihu ne bayan hari.

Kwatanci da Jamus zai nuna inda ƙarfin ya tafi. A 2017 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan shafuka goge haramtattun kalamai na fili cikin sa'o'i 24 ko su fuskanci tara har ta yuro miliyan 50. Zuwa tsakiyar 2018 Facebook na da masu tacewa fiye da 1,000 a Jamus. Masu duba rubutun Myanmar a lokacin, waɗanda ke zaune a Kuala Lumpur ƙarƙashin wani kamfanin kwangila, kimanin 60 ne.

Alƙaluman nasara da abin da suke aunawa

Bayan Myanmar an zuba kuɗi, kuma an ga sauyi. Kamfanin ya ce cikin kalaman ƙiyayyar da ya goge a ƙasar, waɗanda na'ura ta gano kafin wani ya kai ƙara sun tashi daga kashi 13 cikin 100 a ƙarshen 2017 zuwa kashi 52 a tsakiyar 2018. A duniya baki ɗaya adadin ya tashi daga kusan kashi 24 a ƙarshen 2017 zuwa kashi 97 a ƙarshen 2020.

Sai dai wannan adadi na buƙatar a karanta shi a tsanake. Abin da yake faɗa shi ne, cikin abin da aka goge, nawa ne na'ura ta riga mutum gani. Bai ce komai ba game da abin da ba a goge ba. Mai gadin da ya ce kashi 97 na ɓarayin da aka kama shi ya fara hango su, bai faɗi ɓarayi nawa suka tsallake katanga ba. A Oktoban 2021, takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fitar sun nuna cewa ma'aikatansa da kansu sun ƙiyasta cewa abin da ake gogewa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na kalaman ƙiyayyar da ake kallo ba. Kamfanin ya mayar da martani cewa ma'aunin da ya dace shi ne yawan cin karo da irin kalaman, wanda ya ce ya sauka zuwa sau 5 cikin kowane kallo 10,000. Takardun sun kuma nuna cewa kashi 87 na kasafin lokacin da aka ware wa tantance labaran ƙarya Amurka aka ba, sauran duniya suka raba kashi 13, kuma akwai lokacin da na'urar yaɗawa ke ba alamomin motsin rai, har da na fushi, nauyi ninki biyar na alamar "so".

Abubuwa biyu sun gwada ƙarfin na'urar a fili. Ranar 15 ga Maris ɗin 2019 wani ɗan bindiga ya kai hari masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand, mutum 51 suka rasu, ya kuma watsa harin kai tsaye a Facebook. Na'ura ba ta gane abin da ke faruwa ba, domin ba ta taɓa ganin irinsa ba. Amma da aka ɗauki zanen yatsan bidiyon, cikin sa'o'i 24 an cire kwafi miliyan 1.5, miliyan 1.2 daga ciki tun a bakin ƙofa. Gwaji na biyu annobar korona ce ta kawo shi. Da aka tura masu tacewa gida a 2020, YouTube ya sakar wa na'ura ragama, bidiyon da aka cire suka haura miliyan 11 cikin wata uku, kusan ninki biyu na watanni ukun da suka gabata. Kusan rabin waɗanda masu su suka ɗaukaka ƙara a kansu sai da aka mayar da su, kamfanin kuma ya dawo da mutane bakin aiki.

Bahir Dar da Nairobi

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Ana tsakiyar yaƙin Tigray a Habasha, a Oktoban 2021, aka wallafa suna da hoto da unguwar Farfesa Meareg Amare, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bahir Dar, haɗe da zarge-zarge a kansa. Ɗansa Abrham ya ce ya kai ƙorafi ga Facebook sau da dama. Ranar 3 ga Nuwamba aka harbe farfesan a ƙofar gidansa. A Disambar 2022 ɗan nasa da wasu suka maka kamfanin Meta a babbar kotun Kenya, wadda ta yanke a Afrilun 2025 cewa tana da hurumin sauraren ƙarar. Ƙungiyar Global Witness kuma ta yi wani gwaji a 2022: ta miƙa tallace-tallace takwas masu ɗauke da kalaman ƙiyayya a harshen Bama, da goma sha biyu a harshen Amhara. Duka aka amince da su, ƙungiyar ce ta janye su kafin su fita.

Dalilin kai ƙarar Kenya shi ne a Nairobi cibiyar tace rubutun yankin take a lokacin. A Fabrairun 2022 mujallar Time ta ruwaito cewa wasu ma'aikatan cibiyar, waɗanda kamfanin kwangila na Sama ya ɗauka, dala ɗaya da rabi suke samu a awa, suna yini suna kallon yanka da fyaɗe. Bayan shekara guda mujallar ta sake ruwaito cewa ma'aikatan kamfanin ne suka liƙa wa munanan rubuce-rubuce alama domin OpenAI, a kan ƙasa da dala 2 a awa. Ɗimbin bayanan da ake alfahari da su, a wannan fage, tarin hukuncin irin waɗannan mutane ne.

Inda Hausa ta tsaya

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. A ƙarshen Yunin 2018 aka kashe mutane da dama a yankin Gashish na jihar Filato. Hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook da sunan na harin ne, alhali binciken BBC ya gano cewa wani tsoho ne, wani bidiyon kuma a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Ranar 24 ga watan aka tare hanya, aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe. BBC ta ruwaito cewa a lokacin masu tantance gaskiyar labari na cikakken lokaci huɗu ne abokan hulɗar Facebook suka ware wa Najeriya mai masu amfani da shafin miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Ta fuskar na'ura, gibin a bayyane yake. A 2019 masu binciken Facebook suka fitar da XLM-R, manhajar da aka horar da harsuna 100 lokaci guda domin abin da ta koya a wani harshe ya amfani wani. Hausa na ciki, amma rabonta bai kai rabin gigabait ɗaya ba, na Turanci kuwa kimanin gigabait 300 ne. Ga kuma halin rubutun kansa. Mafi yawan masu waya ba sa sanya lanƙwasa a haruffa, don haka "karya ce" na iya zama musanta labari, yana kuma iya zama mummunan zagi ga mace. "Aboki" kalmar zumunci ce a Kano, a bakin wani a Legas kuma takan zama ta raini. "Shege" tsakanin abokai yabo ne. Abin da Bafulatani da Babarbare ko Bakano da Bazazzagi ke jifan juna da shi na wasan barkwanci, wanda UNESCO ta sanya irinsa na Nijar cikin al'adun duniya a 2014, in aka ɗauke shi a zahirinsa cin mutuncin ƙabila ne tsantsa. Shi kuwa mai nufin sharri da gaske, habaici da gugar zana sun ishe shi, ba sai ya furta kalma ɗaya da ke cikin wani jeri ba. Sannan kaso mai yawa na zancen Hausa a waya murya ce a WhatsApp, inda tun 2016 saƙonni ke kulle ta yadda kamfanin kansa ba ya iya saurare.

Masu jin harsunan ne suka tashi cike gibin. A 2022 wata tawaga ƙarƙashin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Igbo da Yarbanci da Turancin Buroka, waɗanda 'yan harshen suka liƙa wa alama. A 2025 aka fitar da AfriHate, mai rarrabe ƙiyayya da zagi da zance na yau da kullum a harsunan Afirka 15, har da Hausa. Aiki ne mai cin rai, saƙo bayan saƙo, kuma sau da yawa masu liƙa alamar kan saɓa wa juna, domin abin da wani ya ji wasa ne wani yakan ji shi cin fuska.

Ranar 7 ga Janairun 2025, Zuckerberg ya sanar cewa na'urorin Meta na yawan kuskure, don haka za su mayar da hankali ga manyan laifuka kamar ta'addanci da cin zarafin yara da zamba, ƙananan kuma sai wani ya kai ƙara kafin a duba. Kusan shekara bakwai bayan alƙawarin da ya yi a gaban majalisa, matakin farko na gano yawancin miyagun kalamai ya koma hannun mai karatun da ya ga rubutu ya danna maɓallin ƙorafi, da ma'aikacin da ƙorafin zai faɗa a teburinsa, in an yi sa'a mai jin harshen ne. Na'urar yaɗawa kuwa tana nan tana ƙirga, da Hausa kamar yadda take yi da Turanci.